Mai Shela da Takardar Bango

Yau ba zancen taki ko na rijiya na zo maka da shi ba. Zancen wasa ne. Kada ka ce wasa ba abin rubutawa ba ne. Akwai mutanen da wasa shi ne gonarsu. Da shi suke ci, da shi suke aure, da shi suke biyan lanho.

Mai wasa yana da wata damuwa wadda manomi ba shi da ita. Hatsi in ya nuna, ka yanke, ka sa rumbu, ya jira ka har bazara. Wasa ba ya shiga rumbu. In mutane ba su zo yau ba, na yau ya tafi ke nan. Saboda haka kowane mai wasa, a kowace ƙasa, da tambaya ɗaya yake kwana: yaya zan kira mutane su zo?

Mu nan Arewa mun san amsa tun kaka da kakanni. Ka tuna ranar kasuwa a Dogon Dutsi, ko Matankari, ko Tibiri, lokacin da aka gama girbi, kuɗin wake da na gujiya suka shiga aljihu. Sa'ad da nake yaro, da hantsi ya yi sai ka ji kiɗa ta ko'ina. Can gefe ga gardi ya jawo kura, takunkumi a bakinta, sarƙa a wuyanta. Wani gardin kuma ga kumurci ya naɗe masa hannu. Gaba kaɗan ga ƴan tauri suna goga wuƙa a ciki, ba ta kama su. Ga ɗan dabo yana fid da ƙwai daga hular wani ƙauye, shi kuwa mai hula ya saki baki. Ga ƴan gambara, su kam in ka zo da surukinka sai ka sake hanya, don bakinsu ba shi da linzami.

Ni wanda na fi so shi ne ɗan kama. Ya sha rawani, ya riƙe tasbaha, ya zauna da natsuwa kamar babban malami zai buɗe tafsiri. Amma duk karatunsa na tuwo ne, da miya, da fura, da ƙashin da ya sha romo. Yana yi yana haɗiyar miyau. Dattawa su ce "A'uzubillahi", amma ba su tashi. Na ga wani malami na gaskiya ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa.

Duk waɗannan ba su da takardar talla ko ɗaya. Me za su yi da ita? Kura ita ce tallar gardi. Ganga ita ce tallar ɗan tauri. In biki ne babba, kokowa ko dambe, sarki ya sa mai shela ya zaga gari da yamma, yana kiɗa yana faɗin rana da wuri. In makaɗi ne ya sauka, sanƙirarsa ya ɗaga murya, duk unguwa ta ji. Yara kuma su kai labari inda mai shela bai kai ba, ba a biya su ko dala.

Ga abin da nake son ka riƙe, don shi ne gindin maganar duka. A kasuwa, gani kake fara yi, sa'an nan ka biya. In ɗan kama ya ba ka dariya, ka jefa masa dala. In bai ba ka ba, ka kaɗe riga ka wuce, ba wanda zai riƙe ka. Amma ranar da aka kewaye wasa da bango, aka sa ƙofa, aka zaunar da mai karɓar kuɗi, sai abin ya juye. Yanzu biya kake fara yi, sa'an nan ka gani. Wa zai sayi akuya cikin buhu? Dole a nuna maka wani abu a waje. Daga nan aka haifi takardar bango, wadda masu jin Faransanci suke ce wa afish, ƴan Najeriya kuma su ce fasta. Alkawari ce aka manna a bango.

Inda wannan sana'a ta fi girma shi ne Amurka, daga wajen 1880 zuwa wajen 1930. Sunan wasan bodabil, kalma ce da suka aro daga Faransa. In ka ji sunan za ka ce wani abu ne mai wuya. Ba kome ba ne illa kasuwarmu aka ɗauka aka sa cikin ɗaki. Mawaƙi ya fito ya yi nasa, ya koma. Mai alkafura ya fito. Mai karnuka ko birai ya fito. Ɗan dabo, mai rawa, mai ban dariya, kowa da ɗan lokacinsa, minti 10 zuwa 20. Ba labari ɗaya ba ne. In wannan bai yi maka ba, ka yi haƙuri kaɗan, wani yana tafe.

A zamanin nan biranen Amurka sun cika da ƴan ci-rani daga ƙasashe barkatai. Wani bai jin harshen maƙwabcinsa. Amma alkafura ba ta bukatar tafinta, haka biri mai hawan keke. Da fari a gidajen giya ake irin wannan wasa, maza kaɗai, da batsa. A 1881 wani mai suna Tony Pastor ya buɗe gidansa a birnin New York, ya hana giya, ya hana batsa, don magidanci ya zo da matarsa da ƴaƴansa. Har kyautar buhun gawayi yakan yi wa masu shiga. Ya gane lissafi: mutum ɗaya tikiti ɗaya, iyali kuwa tikiti biyar.

Bayansa wani, B. F. Keith, ya zo da tasa dabara a birnin Boston a 1885. Ba a rufe wasa tun hantsi har dare. In na ƙarshe ya gama, na fari ya sake fitowa. Ka shiga sa'ad da ka ga dama. Shi da abokinsa Edward Albee suka yi ta gina gidaje, gari bayan gari, masu kujerun ƙawa da fitilu kamar fada. Ƴan wasa suna bin jirgin ƙasa, mako a nan, mako a can. A 1906 suka kafa ofishi ɗaya wanda shi ke raba aiki, yana cire 5 cikin 100 na ladan kowane ɗan wasa. Wanda ya yi musu gardama, a sa sunansa cikin baƙin littafi, ƙofofi su rufe masa. Ka ga bambanci da gardinmu. Shi ba shi da gida mai fitilu, amma ba mai hana shi kasuwar gobe.

Yadda suke jera ƴan wasa ma akwai wayo ciki. Na fari, wanda ba ya magana ake sa wa, mai alkafura ko mai dabbobi, don mutane suna cikin shigowa, ana ta jan kujeru. Gwanin gwanaye shi ne na biyun ƙarshe, a sa mutane su jira shi. Na ƙarshe kuwa, sau da yawa wanda zai sa mutane su tashi ne, a samu kujerun sayar wa wasu. Mu ma mun san wannan a filin kokowa. Yara ke buɗe fili. Ba a fid da zakara tun rana tana tsaka.

To, yanzu ga takardar kanta. A kanta ake jera sunaye, kuma ba daidai ake rubuta su ba. Sunan gwani yana sama, da manyan baƙaƙe waɗanda za ka hango daga ƙetaren hanya. Sauran suna bi, suna ƙanƙancewa, har na ƙasa sai ka matso ka ƙanƙance ido. Girman baƙaƙen sunanka shi ne girman ladanka. Ƴan wasa sun yi faɗa, sun bar aiki, saboda an sa sunan wani bisa nasu. Kada ka yi musu dariya. Ka taɓa ganin yadda fuskar mai kuɗi take komawa in maroƙi ya kira wani kafin shi?

Masu launi kuwa, da dutse ake buga su. I, dutse. Wani Bajamushe, Alois Senefelder, ya gano dabarar a 1796. Ka san mai da ruwa ba su gamuwa. Sai a samu faffaɗan dutse mai santsi, a zana hoto a kansa da alli mai maiƙo. A jiƙa dutsen. Ruwa ya kama ko'ina, ban da inda aka zana. A shafa tawada mai maiƙo. Ita kuma ta ƙi wurin ruwa, ta kama zanen kaɗai. A ɗora takarda a danne, hoto ya fito. Kowane launi da dutsensa: ja dabam, shuɗi dabam, rawaya dabam, takarda ɗaya tana bin su ɗaya bayan ɗaya. In hannu ya goce kaɗan, jan leɓe ya koma kan hanci. Jules Chéret na birnin Paris shi ya gwanance da wannan aiki tun shekarun 1860, har bangayen birnin suka zama kamar zanen gado.

Wanda ya fi kowa sanin amfanin talla shi ne Houdini, ɗan taurin Amurka. A ɗaure shi da ankwa da sarƙa, a sa cikin akwati, a kulle, jim kaɗan sai ga shi waje. Takardunsa suna nuna shi cikin sarƙoƙi tun daga wuya har ƙafa. Bai tsaya nan ba. In ya sauka gari, sai ya tafi wurin ƴan sanda ya ce su kulle shi. Ya fita. Kashegari jaridu su buga, gidan wasa ya cika. Shi ma Charlie Chaplin, mai ɗan gashin baki da manyan takalma, da ƙungiyar irin wannan wasa ya zo Amurka daga Ingila a 1910, kafin sinima ta ɗauke shi.

Amma takarda tana ƙarya, kuma ƙaryarta ta fi ta baki daɗewa. Masu ɗab'i suna buga hotuna jibgi, na mai dabo, na mai rawa, su bar fili a ƙasa ba rubutu. Ƙaramin ɗan wasa wanda ba shi da kuɗin a zana shi, sai ya saya, a buga sunansa a filin. Kai kuwa ka ga ƙato mai faɗin ƙirji a bango, ka biya, ka shiga, ka tarar da wani tsamurarren tsoho. Mai shela in ya yi maka haka, gobe za ka tare shi bakin masallaci. Takarda wa za ka tare?

Akwai kuma wani abu mai ɗaci, ba zan ɓoye maka ba. A gidajen nan baƙar fata ba ya zama inda ya so, can sama baya ake kai shi. Turawa suna shafa baƙi a fuska, su zana manyan leɓɓa, suna kwaikwayon baƙar fata don a yi dariya, kuma haka ake zana su a takardun bango. Bert Williams, baƙar fata ne, yana cikin gwanayen ban dariya na zamaninsa, ya rasu a 1922. Shi ma sai ya shafa baƙin toka bisa baƙar fuskarsa kafin ya fito. Sunansa yana sama da manyan baƙaƙe, amma akwai masaukan da ba a barinsa ya shiga ta ƙofar gaba.

Abin da ya kashe bodabil, su da kansu suka shigo da shi. A 1896 aka fara nuna hoto mai motsi cikin gidajen, a matsayin wasa ɗaya cikin jeri. Baƙo ne aka ba shi tabarma bakin ƙofa. Hoto ba ya cin abinci, ba ya neman kuɗin jirgi, ba ya faɗa kan girman suna. A 1927 ya fara magana. Radiyo kuma ta shiga gidaje, tana ba da waƙa kyauta. A 1932 gidan Palace na New York, wanda aka buɗe a 1913, wanda kowane ɗan wasa yake mafarkin hawa dandalinsa, ya koma gidan sinima. Baƙo ya gaji mai gida.

Kana cewa ina ruwanmu da Amurka? Saurara. Wasan ya ƙetaro teku. Dattawanmu da suka yi ci-rani a Gwalkwas, wadda yau ake kira Gana, sun gan shi a Kumasi da Ankara. Wani malamin lakkwal mai suna Yalley ya fara kwaikwayon bodabil a garin Sekondi wajen 1918. Wani yaro da ya taso yana kallonsa, Bob Johnson, ya mai da abin sana'a, ya yi wasa cikin ƙungiyar Axim Trio. Sannu a hankali suka bar Turanci suka koma harshensu. Irin waɗannan ƙungiyoyi sukan tura mutum gaba, ya kama wuri, ya jingina manyan alluna masu zane a mararraba, a sa yara su zaga gari da ƙararrawa. Sun gama takarda da shela, don sun san ba kowa ke karatu ba.

A Najeriya kuwa akwai Hubert Ogunde, Bayarabe, wanda ya ajiye aikin ɗan sanda ya kama wasa, yana yawo da ƙungiyarsa cikin babbar mota. A 1949 ƴan sandan mulkin Ingila suka harbe ma'aikatan haƙar gawayi 21 a Inugu. Ogunde ya shirya wasa a kan wannan, ma'anar sunansa Burodi da Harsashi. Da ya kawo shi Kano a 1951, hukuma ta hana wasan, ta kai shi gaban shari'a. Abin da aka ci shi tara a kai, fam 6, shi ne manna takardun talla ba da izini ba. Ka duba wannan da kyau. Masu bindiga da kurkuku, ga su suna tsoron takarda da ɗan ƙullun rogo. Mai shela bawan sarki ne, abin da aka ce ya faɗa shi yake faɗa. Takarda kuwa kowa yana iya manna ta da dare, da safe gari duka ya karanta.

Nan Nijar, wasan dandali wanda muke ce wa teyatur ta hanyar lakkwal ya shigo. Ɗaliban makarantar William Ponty ta Senegal sun koye shi tun shekarun 1930, suka dawo da shi gida. Cikinsu akwai ɗan ƙasar nan tamu, Mahamane Dandobi na Geceme, wanda daga baya ya yi minista zamanin Diori Hamani. A shekarun 1950 ya ɗauki labarin Kabrin Kabra, labarin da tsofaffin Arewa suke bayarwa, ya mai da shi wasa, aka nuna a Yamai. Abin alfahari ne. Sai dai masu kallon irin wannan wasa ma'aikata ne da ƴan lakkwal. Manomin da kakarsa ta ba shi labarin bai samu kujera ba.

Wasa ya dawo hannun talaka lokacin samariya. Bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974, aka farfaɗo da samariya a kowane gari. Daga 1976 aka riƙa yin babban bikin matasa na ƙasa kowace shekara, yana zagaya manyan birane. Kafin a kai can sai an yi gasa tun daga ƙasa: ƙauyuka su kara, gwanaye su zo Dogon Dutsi, na Dogon Dutsi su tafi Doso, na Doso su tafi gaban ƙasa duka. Daren gasa kuwa bodabil ne sak, ko da ba mu san sunan ba: waƙar ƴan mata, sa'an nan rawa, sa'an nan makaɗa, sa'an nan teyatur.

Na yi wannan wasa, ni ne nake fitowa boka maƙaryaci. Ba mu da rubutaccen abu. Mu zauna ƙarƙashin fitila, a ce kai ne uba, ke ce ɗiya, kai ne tsohon mai kuɗi da yake son ta. Kowa ya nemo maganarsa daga cikinsa. Muna wasa kan auren dole, kan samarin da suke tafiya ci-rani su bar mata da gona, kan ma'aikacin da ba ya sa hannu sai an sa masa goro. Ba zan ce maka bakinmu a sake yake ba. Hukuma tana son a yabi aikinta, kuma akwai inda zargi yake tsayawa. Ana taɓa ƙaramin ma'aikaci, ba a taɓa na sama. Duk da haka na ga tsoho ya fita daga filin nan shiru, bayan kwana kaɗan aka ji ya fasa ba da ɗiyarsa. A radiyo kuma, da talabijin bayan an buɗe ta a 1979, Yazi Dogo da abokansa na Damagaram sun sa ƙasa duka dariya da Hausa.

Tallarmu fa? Wani mushe na lakkwal yakan rubuta sanarwa a bayan kwali, da Faransanci, a kafa bakin gidan samariya. Rana, wuri, sunan ƙungiya. Shi ke nan. Ba sunan ɗan wasa ko ɗaya. Waɗanda suka iya karanta ta ba su kai cikin mota ɗaya ba. Dubban da suka cika fili, mai shela ne ya kawo su. Kwalin kuwa, bayan kwana biyu akuya ta cinye.

Takardar bango mai launi, a ƙofar sinima na fara ganinta, sa'ad da na je neman kuɗi Yamai. Kano ta riga mu, an buɗe sinimar Rex can tun 1937. Da la'asar sai ka ga samari sun yi cincirindo gaban allo. Yawancinmu hoto muke karantawa. In akwai doki da bindiga, na kaboyi ne. In akwai mace mai ɗigo a goshi, na Indiya ne, za a sha waƙa da kuka. In mutum ya ɗaga ƙafa sama, na Sin ne. Wanda ya iya baƙaƙe kuwa sarki ne a wurin, ana ta tambayarsa. Wata rana an kafa hoton wani jarumi da muke so, muka zuba kuɗinmu, ashe fitowa ɗaya ya yi aka kashe shi. Wani ɗan lakkwal da ke kusa da ni bai shiga ba. Ya ce sunan jarumin can ƙasa yake da ƙananan baƙaƙe, shi ya sa ya riƙe kuɗinsa.

Sunan ƙasarmu ma ya hau bango. Sarauniyar Lugu ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kanta a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. A Burkina Faso aka ɗauke shi. Mutanen Paris sun tsaya gaban takardarsa suna haɗa baƙaƙen sunan Sarauniya. Ni dai ban gan ta a bangon Dogon Dutsi ba.

Sauran labarin ka san shi. Samariya ta watse bayan taron ƙasa na 1991. Bidiyo ta zo, fina-finan Kano suka biyo baya tun daga Turmin Danya na 1990. Kowace unguwa da rumfar kallo, da ɗan injin wuta, da baƙin allo a ƙofa an rubuta sunan fim da alli. Gidajen sinima suka rufe ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda su ma suka rufe na bodabil. Yau talla cikin salula take zuwa, jikana yana nuna mini, kafin in gyara tabarau ta wuce.

Ga abin da ke hana ni barci wani lokaci. Bodabil ya mutu kusan shekara 100 ke nan. Amma a babban ɗakin ajiyar littattafai na birnin Washington an adana takardunsa na bango. Jikan mai alkafura yana iya zuwa ya ga sunan kakansa, ko da can ƙasa ne da ƙananan baƙaƙe. Ɗan kaman nan da ya sa malami rufe baki fa? Na tambayi tsarana uku sunansa. Ɗaya ya ce daga wajen Kwanni yake zuwa. Ɗaya ya ce a'a, daga hayin Najeriya. Na uku ya tuna rawaninsa kaɗai. Mutumin da ya ba gari dariya shekara da shekaru, ga abin da ya rage. Yarinyar da take fitowa ɗiya a wasanmu, wadda ta sa mata kuka a Doso, ƴaƴanta ma ba su san ta taɓa hawa dandali ba.

Ban ce a kori mai shela ba. Muryarsa tana shiga cikin gida, inda takarda ba ta kai, kuma makaho yana jin ta. Amma kai da ka iya alƙalami yanzu, in samarin garinku za su yi wasa, ko za a yi kokowa bayan girbi, ka ce a bar maka rubutun. Ka samu takardar buhun siminti ko bayan kwali. Ka rubuta da Hausa, da manyan baƙaƙe, don wanda ya fara koyo bara ya iya haɗawa. Ka sa rana, ka sa wuri, ka sa kuɗin shiga in akwai, don kada mai ƙofa ya ƙara nasa. Kada ka rubuta za a zo da kura in biri kaɗai gare ku. Ka sa sunan kowa da yardarsa, har mai kiɗa, har yaron da ke riƙe fitila. In ka ji tsoron rigimar wa ke sama, ka jera su bisa shekaru, babba a gaba, ba mai yi maka gardama.

Ka yi guda biyu. Ɗaya ka kafa bakin kasuwa, sama da inda akuya take kaiwa. Ɗayar ka naɗe, ka sa cikin akwatin ƙarfe tare da takardun lanho, saboda gara. Can ƙasa ka rubuta sunan gari da shekara, da lambobi.